Bugun besbol ba sa'a ce zalla ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan shirinku na wasanni na makon jiya, inda mai sharhinku ya ce wai a wasan besbol na Amurka mai bugu ba shi da ta cewa kan inda ƙwallo za ta faɗa, nasa dai ya kai mata sanda, saura kuma sa'a. Na daɗe ina zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, da ƙafa nake zuwa filin ƙungiyar besbol ta Yankees, kuma maganar nan ta ƙi kwanta mini a rai.

Mai sharhin yana da gaskiya ta wani gefen. Tsakanin mai jifa da mai bugu mita 18 ne da 'yan kai, ƙwallon kuma kan zo da gudun da ya haura kilomita 150 a awa, kafin rabin daƙiƙa ta iso. Ga sanda mulmulalliya, ga ƙwallo mulmulalliya. Ba mai iya zaɓar gurbi kamar ɗan bugun fenariti.

Amma ɓangaren da za ta nufa, hagu ko dama, mai bugu yana da hannu a ciki sosai. Na gani a kan ɗana mai shekara 12, wanda da hannun dama yake bugu. Duk ƙwallon da ya taɓa hagu take tafiya, don gaggawa ta yi masa yawa, tun tana can gabansa yake tarar ta. Kocinsu ya yi ta tsayawa bayansa yana cewa ya dakata, ya bar ta ta matso kusa da jiki. Wata biyu yana fama, tafin hannunsa har ya yi kanta. Ranar da ya fara tura ta dama da gangan, ta ratsa tsakanin masu tsaro biyu, wallahi sai da na miƙe tsaye.

Manyan ma haka ne. Tony Gwynn na ƙungiyar San Diego bahago ne, kuma ƙwallon bahago dama ta fi nufa, amma ya shahara da zura ƙwallo ta ratar da ke gefen hagu, kusa da mai tsaron tasha ta uku (cikin tashoshin da mai bugu ke bi da gudu bayan ya buga), kuma sau takwas yana zama zakaran bugu a rukuninsu. Sa'a ba ta maimaita kanta haka.

In da sa'a ce, me ya sa a 1946 Lou Boudreau, kocin ƙungiyar Cleveland, ya kwashe masu tsaronsa ya jibge su a dama saboda shahararren mai bugu Ted Williams? Ya san can yake kai ta. Dabarar ta yaɗu har hukumar wasan ta hana ta a 2023, ta ce dole a bar mutum biyu a kowane gefen tasha ta biyu, wadda ta raba hagu da dama. Na san za a ce to me ya hana masu bugun su karkatar da ita inda ba kowa. Wasu ba su iya ba, gaskiya. Da yawa kuwa ba sa so ne, domin wanda ya jira ƙwallo yakan rage ƙarfin bugunsa, alhali cilla ta bayan katanga shi ke kawo suna da kuɗi.

Don Allah a isar wa mai sharhin, ya sake duba zancen a shiri na gaba.

Naku,
Wani mai sauraro daga Bronx