Barka da Sallah daga Malesiya

Assalamu alaikum. Inna da Baba, barkanmu da shan ruwa, barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Mun sauko daga Idi kuna barci, don awa bakwai muka riga Garwa. A nan gida-gida ake buɗe ƙofa, kowa ya shiga ya ci. Maƙwabcina ya ja ni gidansu, aka kawo shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa a cikin gora, da ƙananan tsire da ake tsomawa a miyar gyaɗa mai zaƙi. Mutanen kirki ne, na ci na yi godiya. Amma wallahi Inna, raina yana kan wainarki, wadda ta fara fitowa daga tanda gefenta ya ɗan ƙone, a kwarara mata taushe mai yakuwa da kabewa, muna rububi tun ba a wanke hannu ba.

Tsiren nan ne ya jawo hira. Maigidan ya ce irin wannan tsiren wani ɗan ƙasarsu ya kai sararin samaniya. Sunansa Sheikh Muszaphar Shukor, likitan ƙashi ne. Kumbon Soyuz na Rasha ya tashi da shi daga Baikonur a Kazakistan ranar 10 ga Oktoba 2007, ana goman ƙarshe. Bayan kwana biyu ya isa tashar sararin samaniya, mai tazarar kusan kilomita 400 daga ƙasa, wadda ke zagaye duniya duk minti 90. Sau 16 rana ke fito musu a kwana ɗaya! Baba, na san tambayarka: ina alƙibla, yaushe za a sha ruwa? Malamansu sun zauna a kai kafin ya tafi. Suka ce ya bi lokacin wurin da kumbon ya tashi, ya fuskanci Ka'aba in da hali, in ba hali ya fuskanci duniya. A can Sallah ta same shi, ya raba wa abokan tafiya tsire da biskit. Ranar 21 ga watan ya sauko lafiya.

Tun ɗazu nake juya labarin. Shi ya san ranar dawowarsa tun kafin ya tashi, ni kuwa sai yadda Allah ya yi da karatu da kuɗin jirgi. Yanzu haka na san Lamiɗo ya hau, dawakai na ta ƙura. Don Allah idan an samu mai zuwa, a ɗaura min daddawa da busasshiyar yakuwa.

A gaida Kawu da iyalinsa, da Yaya Babba. Goggo kuwa a tsuguna a gaishe min da ita. Ya ƙafar? Ta daina zuwa bakin Binuwai da sanyin safiya, kuma goron Sallarta yana cikin saƙon da na turo, kar kowa ya taɓa. Auta ta aiko min hoton lallenta. Ina gaida 'yan majalisa duka.

Naku ɗa, har kullum.