A adana tsofaffin kwalaben da Gulbin Maraɗi ke fitarwa

Ya Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan tsofaffin kwalabe da tuluna da masu ɗibar yashi ke tonowa a Gulbin Maraɗi idan ruwa ya janye bayan damina.

Dattawanmu sun san cewa ainihin garin a fadama yake, har ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka komo kan tudu. Ba mamaki wasu daga cikin kayan da ruwa ya tafi da su a wannan shekarar, da waɗanda aka yar a zamanin da kantunan kamfanonin Faransa CFAO da SCOA ke sayen gyaɗa, suna nan kwance cikin rairayi.

Bara wani mai amalanke ya kawo mini wata kwalba koriya shar mai kusurwa huɗu, da laka ta toshe bakinta. Na jiƙa ta kwana biyu a ruwan sabulu, ban kankare ta da yashi ba, domin yashi yana shafe rubutu. Da na ɗaga ta ga rana sai na ga ƙananan kumfa a cikin gilashin, kuma layin da ya taso daga gindinta ya tsaya a wuya, bai haye baki ba. Wannan layi shi ne babban shaida a kan tsufan kwalba, domin wurin haɗuwar ɓangarorin mazubin da aka busa kwalbar a ciki ne. Idan ya tsaya a wuya, da hannu aka gyara bakin. Idan kuwa ya zarce har leɓe, aikin inji ne, irin wanda Michael Owens ya ƙirƙira a Amurka a 1903. Tabo mai kaifi a tsakiyar gindi yakan nuna ta fi haka tsufa. Masu kusurwa huɗun nan galibi na barasar Holan ne, kuma ko da muna ƙyamar abin da suka ɗauko, suna nuna nisan da fatauci ya kai. An fi samun ƙananan kwalaben tawada da na magani da na turaren Bintu Sudan.

Abin da ke damuna shi ne yara kan sayar da su ga masu man gyaɗa a kan dala biyar, tulunan kuma a farfasa su da shebur, ba tare da an kula da zanen wuyansu ba. Kuma wanda ya tsinci kwalba bai riƙe wurin da ya same ta da zurfin ramin ba, ya zubar da rabin labarinta.

Don haka ina kira ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ta ware ɗaki da littafi guda da za a riƙa rubuta kowace tsintuwa, a kuma sanar da masu amalanke ta gidajen rediyo. Kwalabe goma sha ɗaya da ke hannuna, a shirye nake in miƙa su ranar da aka buɗe ɗakin.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Unguwar Bagalam, Maraɗi