Barka da Kirsimeti daga Atina

Mama da Baba, barkanku da Kirsimeti, ya hidima? Ni lafiya ta lau, sanyi ne kawai ke neman kashe ni. Tun asuba nake juyi a gado ina lissafin yanzu kam an sauke shinkafa, Auta na satar cincin a bokiti.

Kun san wani abu, ashe sunan da kuka raɗa min ɗan nan ƙasar Girka ne. Mai gidan da nake haya, wata tsohuwa, da ta ji Istifanus sai ta ce ai Stefanos ke nan, wai ma'anarsa kambi, irin na ganye da ake ɗora wa wanda ya ci tsere a da. Shi ne wanda Bulus ya ce mai lalacewa ne a 1 Korantiyawa 9, kuma kalmar ce dai a "kambin rai" na Wahayi 2:10. Har a ɗaurin aurensu ango da amarya kambi ake sa musu haɗe da zare. Mama kar ki fara, ban samo kowa ba tukuna. Jibi 27 ga wata wai ranar sunana ce, wato ranar tunawa da Istifanus na Littafi Mai Tsarki, mu a gida 26 muka sani, kuma a nan mai suna shi ke saya wa mutane kayan zaƙi, ji wani zalunci.

Jiya da dare na buɗe Ayyukan Manzanni 6, ni da jifan da aka yi wa Istifanus kawai nake tunawa, ashe aikin da aka fara ba shi rabon abinci ne, shi da su Filibus su bakwai, saboda ana tsallake gwaurayen masu jin Girkanci. Sai na yi ta dariya ni kaɗai, daga baya kuma dariyar ta ƙi. Wa ke ɗaukar kwanuka duk Kirsimeti in ba ni ba? Tire a kai, gidan Alhaji, gidan mai ɗinki, har bayan masallaci, in dawo aljihu cike da kuɗin tukwici Mama ta ce kawo in ajiye maka, har yau shiru. A nan kowa ya rufe ƙofarsa. Tsohuwar dai ta miƙo min wani biskit mai zuma, melomakarona, da daɗi ba laifi, amma ina miyar kajin Mama.

Wa ya kai kwanukan bana?

A gaida Kaka sosai sosai, a ce mata ina sa rigar sanyin, ina cin abinci, ban rame ba, kuma a daina barinta tana zuwa coci a ƙafa. Gwaggo da yara, Kawu, Yaya da amaryarsa. Hajiya ta makwabta a ce na yi kewar naman Sallarta. 'Yan kwayar coci duka. Auta kuma ban gaishe ki ba sai kin turo hotuna.

Ɗanku,
Istifanus