A gwada lissafi a kwamfuta kafin a yi wa manomi alkawari

Ranka ya daɗe, Edita,

Muna son jan hankalin masu sayar da famfon sola a jihar Tawa, waɗanda yanzu suke haɗa famfon da alkawarin gyara, manomi yana biya kaɗan-kaɗan. Tsari ne mai kyau, amma yana iya cinye jari idan da ka aka yi lissafinsa.

Kafin a sa hannu, a kwaikwayi kasuwancin a kwamfuta, ko manhajar lissafi ta Excel ma ta isa. A shigar da yawan famfunan, sau nawa kowanne ke lalacewa, kwana nawa kayan gyara ke yi daga Yamai, masu gyara nawa ake da su, da watan da kuɗi ke shigowa. Sai a sa kwamfuta ta maimaita shekarar sau 1,000, kowane zagaye tana sauya ranakun lalacewar.

Inda ake tuntuɓe shi ne dogaro da matsakaicin lissafi. A ce famfo 200, kowanne ya tsaya sau ɗaya a shekara: kusan 4 ke nan a mako, mai gyara ɗaya ya wadatar. To, idan rabinsu suka tsaya cikin makonni 8 na tsananin ban ruwa, lokacin da yashi ke cin injin, ƙura ta lulluɓe faifan sola? Sun zama 12 ko 13 a mako, ga albasar Galmi ba ta jiran mai gyara. Manomin kuwa sai ya kwashe albasa ya sayar zai biya, alhali kuɗin gyaran tun tuni ya fita daga aljihun ɗan kasuwa. Wannan giɓin dole a nuna shi wata-wata cikin gwajin.

Daga wasu masu sana'ar sola, Tawa