Wasiƙa daga Gombe kan ƙashin da ake bai wa kunkuru

Jekadafari, Gombe.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da uwargida da yara, da kuma yadda kuke fama da ruwan Legas. Mutanen gida duk lafiya lau, Hajiya kuma tana gaishe ka ƙwarai.

Saƙonka ya iso game da ɗan kunkurun da yara suka tafi da shi bayan hutun Sallah, inda ka ce ƙoƙon cikinsa yana lotsawa idan an danna, kuma wani ya ba ka shawarar ka sayo masa ƙashin kifin tawada, wanda masu sayar da tsuntsaye ke kira katilbon. Shawarar tana kan hanya, ni ma shi nake ajiye wa namu. Sai dai ina so ka san cewa ƙashin nan shi kaɗai ba zai gyara komai ba muddin kunkurun yana zaune a falo kan tayil, ba ya ganin rana.

Abin da ake sayarwa wani farin ɓawo ne mai siffar ganyen mangwaro, da ke cikin jikin wata halittar teku mai fesa baƙar tawada idan ta tsorata. Cikinsa ƙananan ɗakuna ne jere bisa jere, da su halittar ke daidaita nutsewa da tasowa a ruwa, shi ya sa ba shi da nauyi. Kusan gaba ɗayansa sinadarin kalsiyam kabonet ne, wato dangin farin dutsen da ake haƙa a Ashaka ana yin siminti, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyin wannan sinadari kalsiyam ne zalla. Da shi kunkuru ke gina ƙoƙonsa, domin ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, haɗe da haƙarƙari da ƙashin baya. Irin namu na Sahel kuwa shi ne na uku a girma a cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galafagos da na Aldabra. Wanda yau yara ke ɗorawa a tafin hannu yana iya haura kilo 50. Ka ga ashe ginin da ke gabansa ba ƙarami ba ne.

Wajen saye, ka nufi masu sayar da aku da kanari, don su ne suka fi ajiye shi. Ka zaɓi fari tas, busasshe, marar ƙarni. Wanda aka rina masa launi ko aka sa masa ƙamshi don tsuntsaye, bar musu kayansu, idan kuma ya zo da maƙalin ƙarfe na rataye a keji, cire shi. Ka kankare shi da farce: gefe ɗaya zai ba da gari mai laushi, ɗayan kuma yana da tauri da santsi. Wannan gefe mai tauri shi ne abin kula, don idan ya karye yakan fita da kaifi, saboda haka nakan sa bakin wuƙa in ɓamɓare shi kafin in bai wa ƙanana. Idan a bakin teku kuka tsinto shi, a wanke, a jiƙa shi cikin ruwan daɗi ana sauya ruwan har gishirin ya fita, a tafasa, sannan a shanya ya bushe sarai.

Bayarwar ba ta da wuya. Ka ajiye guda a inda yake kiwo, gefen mai laushi yana sama, ka rabu da shi. Zai iya share makonni bai ko kalle shi ba, rana ɗaya kuma ka ji ƙurus-ƙurus a bayan ɗaki, ka leƙa ka tarar ya take shi da ƙafar gaba yana gatsa, bakinsa fari fat da gari. Gatsar tana kuma rage masa tsawon baki. Macen da ke shirin yin ƙwai ta fi kowa cinsa, tunda ɓawon ƙwan daga jikinta yake fita. Naka da yake ƙarami ne, ka riƙa kankara masa kaɗan a kan ganye mai danshi sau biyu ko uku a mako, barbaɗe kawai, domin idan ganyen ya yi fari da yawa ƙin ci zai yi.

Yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Kalsiyam ba ya wucewa daga hanji zuwa jini yadda ya kamata sai da bitamin D3, kunkuru kuwa a fatarsa yake samar da shi idan hasken rana ya taɓa shi kai tsaye. Gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke wannan aiki, don haka ajiye shi a jikin taga ba ya wadatarwa. A nan Gombe ba mu cika ganin wannan matsala ba, saboda namu a tsakar gida suke wuni. Kai da ke zaune a bene, dole ka sa yara su riƙa sauko da shi da hantsi ya sha rana, a wurin da akwai inuwar da zai koma idan ya ji zafi, kuma kada a bar shi cikin roba ko bokiti a rana, zafi na iya kashe shi nan da nan. Idan yana samun haka, ba ya buƙatar garin kalsiyam na kanti mai haɗe da D3, wanda yawansa ma illa ne.

Sai abinci, kuma a nan ne nake ganin mu Hausawa muka fi cutar da dabbar nan da sunan kyautatawa. Sauran tuwo, shinkafa, dusa, duk muna zuba masa, shi kuma ba ya ƙi. Dusa tana da fosfaras mai yawa da ke hana jiki amfana da kalsiyam, alhali abin da ake so shi ne kalsiyam ya ninka fosfaras kamar sau biyu a cimarsa. Alayyahu ma a rage, don yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam. Asalin abincinsa ciyawa ce, ɗanya da busasshiya, sai a ƙara masa ganyen zogale da na kabewa jefi-jefi. Kada kuma wani ya ce ka ba shi kanwa kamar yadda ake bai wa tumaki. Kanwa gishiri ce, ba ta maye gurbin kalsiyam. Farar ƙasar shafe bango kuwa ƙona baki take yi. Idan ƙashin ya yanke maka, ɓawon ƙwan kaza da aka tafasa, aka busar, aka daka lukui zai riƙe ka.

Wani abu da zai iya ruɗa ka shi ne farin abu mai kauri da ke fita tare da fitsarinsa. Mutane kan ɗauka kalsiyam ne ya yi yawa, amma hanyar da jikinsa ke fitar da dattin furotin ke nan. Idan ya fito da laushi babu komai. Idan ya zama tsakuwa-tsakuwa, ruwa ne ya yi masa kaɗan, sai a riƙa zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi da bai wuce haɓarsa ba na kamar minti 15.

Ɗan lotsawa a cikin jaririn kunkuru na watannin farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan ka ga bayan ma ya yi laushi, ko yana jan ƙafafun baya, ko ya daina ci, to abin ya wuce na gida, ka kai shi wurin likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Ina da roƙo guda. Tunda ku ne a bakin ruwa, idan ka samu masu kyau ka haɗo mini da 'yan kaɗan ta hannun direbobin da ke zuwa Gombe. A naɗe su da tsumma a cikin kwali, don saurin ruɓushewa gare su. Ka rubuto mini yadda ƙoƙon ya kasance bayan wata biyu. A gaishe da uwargida, a shafa mini kan yara. Allah Ya bar zumunci.

Wassalam,
Naka amini.