Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Abin da Muke Koyarwa a Taron Safe

Ya ku iyaye da masu riƙon ɗalibanmu,

Muna gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya. Sannunku da ɗawainiyar yara.

Tun da aka buɗe wannan zango, batun biyayya muke bi a taron safe, da yadda yaro zai farka ya san abin da ya tashi yi a ranar. Daga Luka 2:41-52 muka ɗauko darasin. Yesu yana ɗan shekara 12 iyayensa suka tafi da shi Urushalima don Idin Ƙetarewa, ya tsaya a baya, sai bayan kwana uku suka same shi a Haikali zaune a tsakiyar malamai. Yara na son labarin nan, wataƙila don akwai yaron da ya ɓace wa iyayensa a ciki. Mu kuwa aya ta 51 muka riƙe: ya koma Nazarat tare da su, yana yi musu biyayya. Daga nan shiru, sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara hidimarsa. Mun sa yara suka yi lissafin a allo, suka samu 18. Shekara 18 ke nan a gida da wurin sassaƙa, don a Markus 6:3 mutanen garinsu masassaƙi suka kira shi. Babu taron jama'a, babu wata mu'ujiza da aka rubuta. Idan Ɗan Allah bai raina irin waɗannan ranaku ba, ɗanku ba shi da dalilin raina sharar aji ko aikin gidan da aka ba shi.

Ga abin da ke damunmu. Yaranmu ba su da rowar "To, Malam". Bakinsu akwai ladabi, amma a duba littafi washegari, fayau. Shi ya sa muka karanta musu misalin 'ya'ya biyu a Matiyu 21:28-31. Uba ya aiki 'ya'yansa gonar inabi. Ɗaya ya ce ba zai je ba, daga baya ya sake tunani ya tafi. Ɗayan ya amsa da ladabi, bai taka gonar ba. Da muka tambaya wa ya yi nufin uban, duka suka amsa daidai, wasu kuma suka sunkuyar da kai.

Iyaye, ku yi haƙuri, akwai naku kason. Kusan kowa ya haddace Afisawa 6:1, inda aka ce 'ya'ya su yi wa iyayensu biyayya. Kaɗan ne ke gangarawa aya ta 4, inda Bulus ya gargaɗi ubanni kada su tsokane 'ya'yansu su yi fushi. Yaron da tsawa kaɗai ya sani, idan ya ga ido ya kau sai ya saki aikin. Wanda aka zaunar aka faɗa masa dalili yakan yi ko babu mai kallo, kuma abin da Kolosiyawa 3:23 ke nufi ke nan: a yi aiki da zuciya ɗaya, kamar Ubangiji ake yi wa.

Mun kuma gaya musu, kuma muna so ku maimaita a gida, cewa biyayya tana da iyaka. Bitrus da manzanni sun faɗa wa majalisa cewa Allah za su bi, ba mutum ba (Ayyukan Manzanni 5:29). Duk babban da ya ce yaro ya yi ƙarya, ya saci amsa a jarrabawa, ko ya ɓoye muku wani abu, yaron ya ƙi, ya zo ya faɗa. Ko malami ne.

Ayar hadda ta wannan wata Zabura 90:12 ce. Ku saurare su suna karanta ta kafin barci, ku tambaye su abu ɗaya da aka sa su yau da suka gama. Mai son ganin malamin aji, ƙofa a buɗe take bayan an tashi.

Naku cikin Almasihu,
Shugaban Makaranta