Sukari kan faɗi ba tare da alama ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, shekara 11 ke nan ina allurar insulin saboda ciwon sukari. A da, in sukarina ya yi ƙasa, jiki kan sanar da ni da gumi, karkarwa da bugun zuciya, sai in sha ruwan sukari in warware.

A daminar bara alamun nan suka ɓace. Ina noman gero na yanke jiki na faɗi tsakanin kunyoyi, ɗana ya tarar ina surutai marasa kan gado. Maƙwabta suka ce iska ce. Da aka auna, sukarina 41 ne, alhali ƙasa da 70 ma haɗari ne.

Likita ya ce yawan faɗuwar sukari ne ya sa jikina ya saba, ya rage fitar da sinadarin adrenalin mai kawo gumi da karkarwa. Ya rage mini allura, ya hana ni fita gona ban karya ba, ya ce in riƙa awo sau huɗu a rana. Tsinken awon na da tsada, sai da na sayar da akuya. Bayan mako uku sukarin bai faɗi ba, wata la'asar na ji hannuna na rawa. Wallahi hamdala na yi, domin alamun sun dawo.

Ina roƙon ma'aikatan asibitocin karkara su riƙa tambayar masu sukari ko suna jin alamun. Iyalai kuma, wanda ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Naku,
Wani manomi daga Ringim, Jihar Jigawa